Dawuda Karkace da Sifirin Hagu

Ba da sunan Karkace aka haifi Dawuda ba. A Tafashiya aka yanka masa rago aka raɗa masa Dawuda, kuma waɗanda suka san shi yana saurayi sun shaida a miƙe yake tafiya, babu inda ya tanƙware. Da aka ɗebi samari zuwa yaƙin Bama har da shi. A can aka koya masa tuƙi da kwance noti, aka kuma cusa masa wata aƙida wadda ta hana shi sakat har ƙarshen ransa, wato kowane abu a duniya yana da yadda ya kamata ya tsaya. Da ita ya dawo Kankiya, tare da 'yan sifanoni a jakar soja. Mutum ne da in ya shiga zaurenka ya ga tabarma ta goce, sai ya gyara ta da ƙafa kafin ya amsa gaisuwa.

Aikin da ya samu bayan soja shi ne tuƙa wani Baturen auduga, wanda ke yawo kasuwa-kasuwa a wata 'yar ƙaramar Moris baƙa, irin wadda in an hango ta daga nesa sai a ce buzuzu ne. Baturen nan ba ya shan ruwan rijiya. Duk inda za shi da gangar ruwansa, kuma mazauninta ɗaya ne, kujerar baya ta hagu. Shekara da shekaru ganga na danne wannan gefen daga sama, ramukan hanyar Kusada na nasu aikin daga ƙasa, har motar ta koyi zama a ɗuwawu ɗaya. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, a shekarun da aka fara maganar zaɓe da mulkin kai, ya zagaya motar, ya ga ba ta cancanci hawa jirgin ruwa ba, sai ya miƙa wa Dawuda makulli ya ce ya riƙe ta don tunawa. Gangar kuwa kukunsa ya ba.

An sauke ganga, amma labarin bai kai wa motar ba. Haka ta ci gaba da tafiya, gefen hagu a ƙasa, kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Dawuda ya shiga jigilar mutane da ita tsakanin Kankiya da Kusada. Mutanen Kankiya kuwa ba sa ganin abu su bar shi babu suna. Da fari motar suke ce wa Karkace. Daga baya suka ga asara ce a ba abin da ba ya amsawa suna, sai suka mai da shi kan mai ita.

Wanda ya fi kowa hidimar yaɗa sunan shi ne Gajere mai gishiri, ɗan goggon Dawuda, wato taubashinsa, wanda al'ada ta ba izinin ya gaya masa duk abin da ya ga dama ba tare da an yi fushi ba. Gajere bai taɓa barin wannan izini ya kwana ba a yi amfani da shi ba.

"Karkace! Barka da asuba. Yau ma da kafaɗa ɗaya aka tashi?"

"Sunana Dawuda."

"To wa ya ce ba haka ba? Dawuda Karkace. Don Allah ka riƙa canza hanya, itatuwan bakin titi sun fara kwaikwayonka."

Kowace safiya Dawuda yakan ɗora kwanon ruwa a kan rufin motar, ya ja da baya ya duba. Kowace safiya ruwan yakan taru a gefen hagu ya dube shi. Burinsa a duniya bai wuce ɗaya ba: ruwan nan ya kwanta daidai, ya shiga kasuwar Kankiya a miƙe, a mayar masa da sunan da aka yanka wa rago.

Ba wai bai san ciwon ba. A bayan kowace tayar baya akwai sifirin, wato dogayen fallayen ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya, aka ɗaure su a tsakiya, suka lanƙwasa kamar baka. Su ke ɗauke da nauyin mota. Na dama yana nan da lanƙwasarsa. Na hagu ya baje, falle ɗaya ya tsage, robar da ke cikin idonsa ta cinye. A duk motar shi kaɗai ne ya miƙe, shi ne kuwa bai kamata ya miƙe ba. Roba ba abin damuwa ba ce, ana yankowa daga tsohuwar taya. Ƙarfen ne sai Kano.

Ya ba wani direban babbar mota mai suna Sada saƙo. Sada ya manta. Aka tuna masa, ya kawo na babbar mota, wanda ya fi Moris ɗin kanta tsawo. Ya mayar, ya sake mantawa. Aka yi girbi, aka yi rani, sai da zafin bazara ya kankama sannan ya sauke wa Dawuda wani ƙunshi a buhu: sababbin fallaye, ƙarfen Ingila, da maiƙonsu, ba su taɓa ganin hanya ba. Dawuda ya shafa su a hankali kamar mai taɓa jariri.

Saura abu ɗaya. Ƙarafan da ke rungume sifirin a jikin motar sun ci tsatsa sun murɗe, sai an sa su a wuta an miƙar da su. Akwai maƙera a bakin kasuwar Kankiya. Dawuda ya yi kuskuren faɗin haka a gaban matarsa Lami.

"Wace maƙera ka ce, Malam?"

"Ta bakin kasuwa."

"Ta bakin kasuwa. Madalla. Ni kuma in ce wa mutanen Kusada me? Ubana ne ya mutu, ko wutarsa?"

Lami ɗiyar Sodangi ce, babban maƙerin Kusada. Dawuda ya yi bayani cewa aikin ɗan kaɗan ne. Lami ta ce in ɗan kaɗan ne ai ya fi sauƙin kaiwa. Washegari suka kama hanyar Kusada, ita a gaba da ƙullin tsarabarta, ƙunshin ƙarfe a baya, mota tana gaishe da kowace gona ta hagu.

Suruki ba abokin hira ba ne, wannan kowa ya sani. Tun da Dawuda ya auri Lami bai taɓa furta sunan Sodangi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Da za a jera masa fuskokin tsofaffin Kusada, ƙila ya yi kuskure, amma yatsun ƙafar surukinsa ya san su ɗaya bayan ɗaya, har da farcen da masaba ta taɓa faɗowa a kai.

Ya tsai da mota a gindin tsamiyar da ke kusa da maƙera. Lami ta shige gida. 'Yan kallo suka yanyame motar, shi kuwa bai yarda ya bar ƙarfen da ya yi shekara yana jira a tsakiyar hannuwa masu yawa haka ba, don haka ya rungumo ƙunshin. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Da ya iso bakin maƙera ya tuna ba a durƙusa wa babba da kaya a hannu. Sai ya ajiye, ya durƙusa. Inda ya ajiye kuwa shi ne gaban Sodangi, daidai wurin da duk surukin kirki ke ajiye abin da ya kawo. Goron da ya sayo don wannan wurin yana aljihunsa.

Aka gaisa. Aka tambayi gida, da gajiya, da zafi, da mutanen Kankiya. Ana cikin haka Dawuda ya ga babban yatsan tsohon ya miƙa ya taɓa buhun. Buhun ya yi ƙara, irin ƙarar da kunnen maƙeri ba ya wucewa.

Bazara ce, lokacin da kowane manomi ke tuna cewa galmarsa ta cinye, lokacin da maƙera ke tsintar tsofaffin ganguna da bakin tukunyar ƙarfe suna lallaɓawa. Sodangi ya kwance buhun. Mai zuga ya saki zugazugi. Maƙerar ta yi tsit. Tsohon ya ɗaga falle ɗaya da awartaki, ya ƙwanƙwasa shi da masaba, ƙarfen ya yi wani kuka siriri mai tsawo wanda ya ƙi ƙarewa.

"Wanga duka?" in ji Sodangi.

Dawuda ya buɗe baki. Amsar gaskiya tana da tsawo, kuma da a'a take farawa, kalmar da bai taɓa gwadawa a wannan wuri ba.

"Baba, ai dama..."

"Kada ka ce komi, ɗana. Na san kunyarka. Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka masu yi maka."

Duk maƙerar ta ɗauka: "Amin!" Dawuda ma ya ce amin, don ba a taɓa jin wanda aka sa wa albarka ya yi shiru ba. Daga cikin gida Kulu, uwar Lami, ta rangaɗa guɗa. Kafin azahar labari ya kai har ƙauyen Boko cewa surukin Sodangi ya aika har Ingila an ƙero masa ƙarfe don uban matarsa.

Dawuda ya koma gindin tsamiya ya shige ƙarƙashin motarsa, domin nan ne kaɗai wurin da mutum zai ɓata fuska a garin surukai ba a gani ba. Tun da ya shiga, sai ya kama aiki. Ya ɗaga ta da jak, ya ari turmi ya tokare ta, ya cire taya. Notunan sun ƙi motsi, ya jiƙa su da man gyaɗa, ya zage su da Turancin soja a hankali, suka saki ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya tafi da fatar yatsansa. Ya sauko da tsohon sifirin ya shimfiɗa a ƙasa. Yana gaya wa kansa cewa kuskure ne ƙarami, kafin la'asar za a gyara. Daga maƙera ya ji an fara zuga wuta.

Ya aika aka kira masa Lami. Ta zo ta tsuguna a gefen mota, ta yi magana da ƙafafunsa, don su kaɗai suka leƙo.

"Ki je ki gaya masa," in ji Dawuda daga ciki. "A hankali. Ki ce na motar ne."

"Ni? Malam, ka manta ni ce 'yar fari? Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Waccan yake ce mini. In na shigo ta ƙofa, sai ya tuna yana da aiki a waje."

"To Inna fa?"

"Innar da ta yi guɗa? So kake ta mai da guɗar cikinta?"

"Lami, shekara guda ina jiran ƙarfen nan."

"Ni kuma tun da na yi aure ba a taɓa kallona a gidan nan kamar yau ba. Kaza ake fige maka yanzu haka." Ta miƙe, ta kakkaɓe zane. "Ka wanke hannu, baƙin mai ba ya tafiya da miya."

Aka kawo kaza. Aka kawo fura. Dawuda ya ci, don mai da kwano cike wani laifin ne, yana tauna yana jin bugun masaba. Ya san kowane bugu a kan abin da yake sauka.

Da gari ya waye sai ga Gajere da jakinsa, ya kawo gishiri kasuwar Kusada. A karo na farko a rayuwarsa Dawuda ya yi murnar ganinsa. Ga mutumin da al'ada ta kwance wa baki. Ya ja shi bayan tsamiya ya gaya masa komai. Sai da ya jira Gajere ya gama dariya, ya share hawaye, ya sake somawa, ya riƙe jakin don kada ya faɗi.

"Kai, Karkace! Wato kai ka ɗauko da hannunka, ka ajiye da hannunka, ka ce amin da bakinka?"

"Za ka faɗa ko ba za ka faɗa ba?"

"Zan faɗa mana. Mene ne amfanina?"

Ya kuwa faɗa. Suka je maƙera tare, Dawuda ya durƙusa, Gajere ya tsaya a tsakiyar manoman da ke jiran galma, ya ɗaga murya.

"Baba, wannan surukin naku ne ya aiko ni. Ya ce ƙarfen nan ba kyauta ba ce, na motarsa ne, a mayar masa da abinsa."

Maƙerar ta fashe da dariya. Mai zuga ya kwanta a kan zugazugi. Wani manomi daga ƙauyen Bauranya ya ce rabon da ya ji sharrin taubashi mai daɗi haka tun yana yaro. Gajere ya rantse cewa da gaske yake, dariyar ta ƙaru, don kowa ya san taubashi in ya rantse to wasan ya kai inda ake so. Sodangi ya goge ido da bayan hannu.

"Kai Gajere, ba ka da dama. Ɗana, ka ji abin da yake ja maka? Wai haka ne?"

Dawuda ya dubi yatsun ƙafar nan. Suna shimfiɗe a ƙasa, hankalinsu kwance, yatsun mutumin da duk garinsu ya san an girmama shi. Ya dubi gefen wuta, inda rabin fallayen suka riga suka zama wani abu.

"Wasa yake, Baba."

"Ai na sani."

A waje Gajere ya buɗe hannuwa. "To ni dai na faɗa. Kai ne ka ƙaryata ni a gaban jama'a. Sai ka ba ni haƙuri."

Kwanaki suka shuɗe, mota na kan turmi. Matar da aka ari turminta ta fara aiko gaisuwa. Fallaye suka riƙa fita daga maƙera ɗaya-ɗaya, wannan galma, wannan fartanya, guntayen suka zama lauje da wuƙa. Abin da ya fi ƙona wa Dawuda rai shi ne duk wanda ya karɓi tasa sai ya biyo ta gindin tsamiya ya yi godiya. Sukan duƙa su leƙa ƙarƙashin mota su nuna masa.

"Malam Karkace, dubi bakinta. Allah shi saka."

"Amin," in ji Dawuda, yana kallon sifirinsa da ƙota a jiki.

Rannan da hantsi yana kwance a ƙasan motar yana kankare tsatsar da ya riga ya kankare jiya, sai ya ga ƙafafun da ya sani sun tsaya a gefen taya. Sodangi da kansa ya tako, abin da bai taɓa yi wa wani suruki ba. Dawuda ya fito da rarrafe ya durƙusa. Tsohon ya ce ya ji an ce akwai ɗan aikin wuta da ya kawo su, shi ne ya zo ya gani. Sai idonsa ya faɗa kan tsohon sifirin da ke shimfiɗe a ƙasa.

Ya duƙa ya ɗauki falle ɗaya. Tsawon ɗaya ne da wanda ya yi kwanaki yana sarewa. Faɗin ɗaya. Ga hudar nan a tsakiya, daidai inda take a waɗancan. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga gurbin da babu komai a ciki.

Dawuda bai ga fuskarsa ba, ba ya kuma bukata. Ya ga yatsun nan goma sun dunƙule a hankali, sun kama ƙasa kamar za su tona rami mai su ya shiga. Tsohon ya sa albarka a gaban jama'a, matarsa ta yi guɗa, galmomi sun riga sun kai Bauranya. Yanzu su biyu ne suka san maganar, kuma babu mai bakin faɗinta a cikinsu.

Sodangi ya yi gyaran murya. "Wanga ƙarfe ya gaji."

"Ya gaji, Baba."

"Wata rana ya kamata a aika Kano."

"Za a aika, Baba."

"Kafin nan, kwaso shi."

Ranar nan Sodangi ya sallami duk masu jiran galma, ya ce wutar yau ta ɗansa ce. Ya gasa tsofaffin fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a uwar maƙera, ya riƙa bugu yana mayar musu da lanƙwasar da ganga ta ƙwace. A madadin wanda ya tsage ya jawo dogon falle guda da ya rage cikin sababbin, wanda ya riga ya yi wa wani alkawarinsa, ya sa a ciki. Aiki ne mai kyau. Da ya tsaya a nan, da wannan labarin ya ƙare da daɗi. Amma mutumin da ke bugu da kunya ba ya sanin inda ake tsayawa.

Dawuda yana durƙushe yana auna lanƙwasar da ido. Ta kai. Ta ɗan wuce.

"Ta isa, ɗana?"

"Ta isa, Baba. Ta isa ƙwarai."

"Na san kunyarka," in ji Sodangi, ya ce a ƙara wuta.

Mai da sifirin nan gurbinsa sai da aka haɗa da ƙarti biyu da taɓarya. Dawuda ya yanka roba daga tsohuwar taya ya cusa a idanun, ya zura ƙusoshi, ya ɗaure notuna, ya shafe ko'ina da giris. Aka mayar da taya, aka zare turmi aka aika wa mai shi da godiya, aka sauke jak. Motar ta tsaya da ƙafafunta. Gefen hagu ya tashi sama kamar jakin da ke shirin harbi.

Dawuda ya ɗora kwanonsa a rufi, ya zuba ruwa, ya ja da baya. Ruwan ya yi ɗan tunani, sannan ya tattara ya koma gefen dama.

"Alhamdu lillahi!" in ji Gajere, wanda ya ƙi komawa Kankiya don kada a ba shi labari. "An samu sauyi. Yanzu gonakin dama ma za su samu gaisuwa."

Sodangi ya tsaya daga nesa. "Ta tashi, ɗana?"

"Ta tashi, Baba." Wannan kam gaskiya ce, babu mai musu.

Da za su tafi aka fito da tukuici, don ba a karɓar kyauta irin wannan a sallami mutum hannu sake. Buhu guda ne: galma, fartanyu, gatari, lauje, duk daga ƙarfen Ingila, ga kuma wani ƙaton dutsen wasa wuƙa da Sodangi ya gada, wanda mutum biyu suka ɗauko. Dawuda ba ya noma. Rabonsa da riƙe fartanya tun kafin soja. Ya yi godiya har ƙasa, ya buɗe ƙofa, ya tura buhu da dutse a wurin da ya fi kusa da hannunsa, wato kujerar baya ta hagu, tsohon mazaunin ganga. Motar ta yi wata 'yar ajiyar zuciya.

"Malam," in ji Lami, "ka manta kwanonka a sama. Kai, dubi ruwan."

Ya duba. Ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano ta kowane gefe, ko rawa ba ya yi.

Dawuda ya sauke kwanon. Ba murna ya ji ba. Ya yi shekara yana jiran ƙarfen nan don ya daidaita masa mota, ga shi kuwa ya daidaita ta, a gefen da ya dace, sai dai daga sama maimakon daga ƙasa. Ba haka aka koya musu a soja ba. Ya zubar da ruwan ya shiga ya ta da mota.

Duk da haka, da suka iso Kankiya bai nufi gida ba. Ya bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, gwiwar hannu a taga, mota a miƙe kamar ranar da aka ƙera ta. Ya kai ƙarshe ya juyo ya sake bi. Mutane suka dubi motar, suka karkata kai, suka sake duba. Shekaru sun riga sun saba wa idonsu da yadda take. Adda mai nono, wadda ta fi kowa daɗewa a bakin hanyar nan, ita ta faɗi abin da ke ran kowa.

"Karkace, lafiya? Me ya sami motar taka? Na ga yau kamar ta goce."

Buhun nan bai sake fita daga motar ba. Fasinjoji suka koyi matsuwa a dama. In Lami ta ari gatarin za ta faskare, sai ta mayar kafin a tashi, don kwano yana tona asiri. Galmomin kuwa suka yi suna a ƙasar Kusada, ba sa lanƙwashewa, ba sa dakushewa da wuri, manoma suka riƙa ce musu 'yar Karkace. Sunan da Dawuda ya so ya binne a Kankiya sai ga shi ana yabonsa a gonakin da bai taɓa takawa ba.

Amma bai haƙura ba. Ya sake ba Sada saƙo, Sada ya sake mantawa, har wata bazarar ta zagayo sannan sabon ƙunshi ya iso. Wannan karon Dawuda ya shirya kamar mai fita fareti. Da suka isa Kusada ya bar ƙunshin a mota, ya rufe shi da bargo, ya kulle ƙofa, ya riƙe goro a hannu inda kowa zai gani. Zai gaisa, ya ari wuta, ya ɗaura sifirinsa, ya sauke buhu da dutse, magana ta ƙare.

Ya durƙusa ya ajiye goro. Maƙerar cike take da manoma, wasu tun daga Bauranya, don an ga ƙurar motarsa tun daga nesa an kuma san watan da ake ciki. Suka dubi goron. Suka dubi hannunsa. Suka dubi bayansa, ko wani na tafe da sauran.

"Madalla da goro," in ji Sodangi. "Allah shi yi albarka. Ai zuwan ma ya isa."

Muryarsa lafiya lau. Amma Dawuda ba murya yake saurare ba. Yatsun nan sun fara dunƙulewa, ɗaya bayan ɗaya, har da mai fasasshen farce.

Ya ja numfashi. Ya faɗi wata kalma ta Turancin soja a cikin ransa. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa gindin tsamiya, a miƙe kamar yadda yake tafiya tun yana saurayi, ya buɗe mota, ya yaye bargo, ya rungumo ƙunshin.

"Sannu, Karkace!" in ji wani daga cikin maƙera.

"Yauwa," in ji shi. "Ku matsa in ajiye."